Yadda ake daidaita launi a madaba'a kafin a buga aiki mai yawa

Duk wanda ya taɓa kai aiki madaba'a, ko takardar manna wa kwalbar man gyaɗa ce, ko tambarin makaranta, ko katin gayyatar biki, ya san irin wannan gardama. Mai aiki ya ce launin da ya gani a wayarsa ba shi ne ya fito a takarda ba. Mai dab'i ya ce shi dai abin da aka turo masa ya buga. Kafin a ankara an riga an buga kwafi dubu biyar, takarda ta tafi, tawada ta tafi, kuma ba wanda ke son ɗaukar hasarar.

Abin ya fi ciwo ga masu aika aiki ƙetaren iyaka. Ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram yakan tura aikinsa Kano, na Garwa ko Marwa yakan tura Duwala, wasu kuma har unguwar Shomolu ta Legas, wadda ta yi suna wajen harkar dab'i. Idan kaya suka iso da launin da bai dace ba, mayar da su ya fi buga sabo wahala. Akwai wata dabara mai sauƙi da ƙwararrun masu dab'i ke amfani da ita don kauce wa hakan: kafin a fara babban aikin, a buga launin da ake nema iri-iri a takarda guda, kowanne ya ɗan bambanta da na kusa da shi, a zaɓi wanda ya dace da ido.

Me ya sa launin waya ba ya fitowa a takarda?

Fuskar waya da ta kwamfuta da haske suke yin launi. Suna haɗa ja da tsanwa da shuɗi, abin da ake taƙaitawa da RVB a Faransanci, RGB a Ingilishi. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, wanda ya sauka a kanta take mayarwa. Yawancin injinan dab'i tawada huɗu gare su: shuɗi mai haske da ake kira siyan, ja mai ruwan hoda da ake kira majenta, rawaya, sai baƙi. Su ne CMJN a Faransanci, CMYK a Ingilishi. Injin yana zuba ƙananan ɗige-ɗige na waɗannan huɗun kusa da juna, ido kuma ya haɗa su ya ga launi guda.

Launukan da tawada huɗu ke iya fitarwa ba su kai yawan na fuskar waya ba. Ruwan goro mai ƙyalli, tsanwa shar, da shuɗi mai zurfi suna cikin waɗanda suka fi ba da wahala. Ga kuma bambancin abin da ake bugawa a kai. Takarda mai sheƙi tana riƙe tawada a samanta, launi ya fito da ƙarfi. Takarda marar sheƙi tana shanye ta, launi ya dushe. Tampol ɗin talla, sitika, kwali da yadi, kowanne da yadda yake karɓar tawada. Don haka lamba ɗaya a kwamfuta tana iya ba da launi uku a kan abubuwa uku.

Mene ne launi na musamman?

Kamfanonin da ke son tambarinsu ya fito iri ɗaya a ko'ina ba sa dogara da haɗin tawada huɗu. Suna sa a dama musu tawada guda mai ainihin launin, a zuba ta a injin ita kaɗai. Masu dab'i a ƙasashen da ke amfani da Faransanci suna kiran wannan ton direct. Tsarin da ya fi shahara shi ne na kamfanin Pantone da ke jihar New Jersey ta Amurka, wanda Lawrence Herbert ya fito da shi a 1963. Kowane launi yana da lamba, kuma akwai ma'aunin tawadun da za a haɗa a same shi. Ana buga launukan a wani littafi mai buɗewa kamar mafici, wanda ake kira nuancier. Harafin C a bayan lamba yana nufin takarda mai sheƙi, U kuma marar sheƙi.

Sai dai injina irin na ofset ne ke karɓar irin wannan tawada ta daban. Injinan zamani da suka cika shagunan garuruwanmu, masu buga fosta da tampol kai tsaye daga kwamfuta, ba su da inda za a zuba ta. Iyakacinsu su kwaikwayi launin da tawadun da ke cikinsu. Manhajar injin tana da lissafin da take yi, amma lissafin yana ɗauka cewa tawadar ta asali ce, takardar kuma wadda aka auna ce. A shagon da ake cika tawada daga kwalba, ake sayen takardar da aka samu a kasuwa ranar nan, lissafin yakan kauce.

Ɗan bambanci a launi ba ƙaramin abu ba ne. Tutar Cadi, wadda aka amince da ita a 1959, da tutar Romaniya kusan ɗaya suke tun da Romaniya ta cire tambarin da ke tsakiyar tata a 1989: shuɗi, rawaya, ja. Abin da aka fi bambanta su da shi shi ne shuɗin Cadi ya fi duhu. Haka ruwan goron tutar Nijar, idan majenta ta yi yawa sai ya koma ja, idan ta yi kaɗan ya koma ruwan ɗorawa.

Yadda ake shirya jadawalin

Idan tela zai sayo zare, ƙyallen yadin yake ɗauka ya tafi da shi kasuwa, ya riƙa karawa a jikin zarurruka har ya sami wanda ya shiga. Aikin nan ma haka yake. Da farko a sami abin kwatance wanda ake iya riƙewa a hannu: shafin nuancier, tsohuwar takardar kayan da mai aiki ya gamsu da ita, ko ƙyallen rigar makaranta. Hoto a waya ba ya cikin lissafi.

Sai a buɗe CorelDRAW ko Illustrator a zana gidaje kamar na dara, biyar a tsaye biyar a kwance, ashirin da biyar ke nan. Kowane gida ya kai santimita 3 a kowane gefe, domin ido ba ya iya hukunci a kan ɗan ƙaramin tabo. Dukkansu za su shiga takardar A4 guda. Gidan tsakiya shi ne lambar da ake zaton ta fi kusa.

A ɗauki misalin ruwan goro. A ce gidan tsakiya majenta 60 ne cikin ɗari, rawaya 90, babu siyan babu baƙi. Daga hagu zuwa dama sai a riƙa sauya majenta: 50, 55, 60, 65, 70. Daga sama zuwa ƙasa a sauya rawaya: 80, 85, 90, 95, 100. A ƙarƙashin kowane gida a rubuta lambarsa daga 1 zuwa 25 da adadin tawadun da ke cikinsa. Tawada biyu kawai ake taɓawa a lokaci guda. Wanda ya sauya huɗu gaba ɗaya ba zai san wacce ta gyara ba, wacce ta ɓata.

Idan aka buga aka ga gidan majenta 65 da rawaya 95 ya fi kusa, sai a mayar da shi tsakiya a sake jadawali na biyu da ƙaramin taki: majenta 61, 63, 65, 67, 69, rawaya 91, 93, 95, 97, 99. In launin ya dace amma ya yi haske da yawa, a yi layi guda a ƙara baƙi kaɗan-kaɗan, 2, 4, 6. Galibi zagaye biyu ko uku sun wadatar.

Wasu manhajojin da ke sarrafa manyan injina, irin su Fiery da Onyx, suna shirya wannan jadawali da kansu. Idan aka zaɓi gida, sai su adana shi da sunan launin, duk fayil ɗin da ya zo da wannan suna ya fito da lambar da aka zaɓa. Masu buga riguna da raga, wato serigrafi, su ma suna iya bin hanyar: a auna tawadun da sikeli, a dama kaɗan-kaɗan iri uku ko huɗu, a shafa a ƙyallen yadin, a rubuta giram nawa aka sa na kowacce.

Sharuɗɗan da ba a tsallakewa

Dole a buga jadawalin a injin da zai yi aikin, a kan takarda ko tampol ɗin da za a yi aikin da shi, da saitin da za a yi amfani da shi. Gwaji a ƙaramin injin ofis ba ya nuna abin da babban inji zai fitar. A kuma tabbatar bakin da ke fesa tawada bai toshe ba, abin da ƙurar hunturu da zafin bazara ke yawan jawowa. Idan wasu ramukan majenta sun toshe lokacin gwaji, aka wanke su kafin babban aikin, launin da aka zaɓa ya tashi aiki.

A bari tawada ta bushe sosai kafin a yanke hukunci, domin launi yakan ɗan sauya bayan bushewa. Idan za a rufe aikin da leda mai sheƙi, a rufe jadawalin ma, saboda ledar tana ƙara wa launi duhu da ƙarfi.

Sai batun haske. Launuka biyu suna iya zama ɗaya a ƙarƙashin fitilar shago, a fita waje su rabu. Ƙa'idar duniya ta ISO 3664 ta tanadi hasken da ake kira D50, mai kusan kelbin 5000, don duba aikin dab'i. Wanda ba shi da irin wannan fitila ya fita inuwa da hantsi, ya kauce wa rana tsaka da hasken almuru mai ja. In an san inda kayan za su zauna, misali kantin da ke da farar fitila, a duba a can ma.

Launin da ke kewaye yana yaudarar ido. Masanin sinadarai na Faransa Michel-Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris, ya bi diddigin ƙorafin da ake yi a kan wasu zarurruka, ya gano rinin lafiyarsa lau, launukan da ake jerawa kusa da su ne ke sauya yadda ake ganinsu. Ya wallafa bayanin a 1839. Maganin wannan a shago shi ne a sami kwali mai ruwan toka, a yanke ƴar taga a tsakiyarsa, a ɗora yadda rabin tagar zai nuna abin kwatance, rabi kuma gidan da ake gwadawa. Kada a ƙura ido ya daɗe, yana gajiya. Yana da kyau mutum biyu su duba, domin akwai masu matsalar bambance ja da tsanwa, musamman maza, kuma da yawansu ba su san suna da ita ba.

Manyan madaba'u suna da na'urar auna launi, wadda ke ba da tazarar da ke tsakanin launuka biyu da lambar da ake kira Delta E. Ƙasa da 1, da ƙyar ido ke ganin bambanci. Tsakanin 2 da 3 ana yawan karɓa a aikin kasuwanci. Na'urar tana da tsada, shi ya sa jadawalin ya fi dacewa da ƙananan shaguna.

Idan launin ya ƙi fitowa

Wani lokaci duk gidajen za su kusanto amma ba wanda zai kai. Wannan alama ce cewa launin ya fi ƙarfin tawadun injin, kuma ƙarin gwaji ɓarnar takarda ce. Ruwan zinariya da na azurfa masu walƙiya, da launuka masu ƙyalli irin na rigar ƴan aikin hanya, ba sa samuwa daga tawada huɗu ko kaɗan. Nan mai dab'i na gari zai gaya wa mai aiki gaskiya tun da wuri, ya ba shi zaɓi uku: ya karɓi gidan da ya fi kusa, ya kai aikin injin ofset ya biya kuɗin tawada ta musamman, ko ya sauya launin tambarin zuwa wanda injinan yankinsa ke iya fitarwa. Ga ƙaramar sana'a da ke buga ɗari biyar yau, ɗari biyar bayan wata uku, zaɓi na ukun ya fi kwanciyar hankali.

Shi kansa nuancier yana tsufa. Pantone na ba da shawarar a sabunta shi bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don rana da hannu suna dusar da shi. Tun ƙarshen 2022 kuma Adobe ya cire yawancin launukan Pantone daga manhajojinsa, sai wanda ya biya kuɗin rajista na daban. Jadawalin da mutum ya buga da injinsa ba ya jiran rajistar kowa.

Sa hannu kafin injin ya tashi

A harkar dab'i ta Faransanci akwai abin da ake kira bon à tirer, ko BAT, wato samfurin ƙarshe da mai aiki ke sa wa hannu ya ce a buga. Ga masu aiki tsakanin ƙasashe biyu, hanyar da ta fi tsaro ita ce mai aiki ya aika abin kwatancensa ta hannun direba ko kamfanin sufuri, mai dab'i ya buga jadawalin kwafi biyu, ya riƙe ɗaya ya aiko da ɗaya. Mai aiki ya zagaye gidan da ya zaɓa da biro, ya sa hannu da kwanan wata. A nan ne WhatsApp ke da amfani: a ɗauki hoton don a ga lambar gidan da sa hannun, a ce gida na 14 aka zaɓa. Hoton ba zai nuna launin daidai ba, amma lamba ba ta sauyawa a hanya. Kwana biyu ko uku da wannan zai ci sun fi sauƙi a kan kaya katon-katon da ba za su sayu ba.

Bayan an gama, mai dab'i ya manna gidan da aka zaɓa a littafi, ya rubuta sunan mai aikin, lambobin tawada, irin takarda, injin da ya buga da kwanan wata, ya ajiye inda rana ba ta kaiwa. Mai aiki shi ma ya adana nasa kwafin a ambulan. Duk ranar da aka sauya kamfanin tawada, ko aka sayo wata takarda, ko aka canza wa injin baki, a sake buga ƙaramin jadawali a kara da na littafin kafin a ci gaba.