Hayaƙi Mai Siffar Naman Kaza: Ba Sai Bam ɗin Nukiliya Ba

Ranar 4 ga Agusta 2020, da tashar jiragen ruwa ta Beirut ta yi bindiga, mutane da yawa sun ɗauka nukiliya ce, saboda hayaƙin da suka ga ya tashi da kara da hula kamar naman kaza. Alhali kimanin tan 2,750 ne na amoniyam naitiret, sinadarin da ake takin zamani da shi, ya tarwatse a rumbun ajiya. Zafi ne ke gina wannan siffa, ko da kuwa dutse ne ya yi aman wuta.

Da zarar abu ya fashe, sai dunƙulen iska mai tsananin zafi ya kumbura. Tunda ya fi iskar da ke kewaye da shi rashin nauyi, sai ya yi sama a guje. Tsakiyarsa ce ta fi sauri. Gefensa kuwa yana gogayya da iska mai sanyi, ta riƙa ja masa birki, har ya lanƙwaso ƙasa ya sake kutsawa ciki ta gindi. Haka hayaƙin ke naɗewa kamar gammo, yana juyawa yana hawa. Hular ke nan.

Gurbin da ya bari kuma ba ya zama fayau. Iska na rugowa daga ko'ina, ta kwashi ƙura da tarkace ta bi bayansa a miƙe, ta zama karan.

Can sama, idan dunƙulen ya huce har nauyinsa ya zo daidai da na iskar wurin, hawa ya ƙare, sai ya baje. Ƙarfin fashewa ne ke yanke inda za a tsaya: gwajin bam ɗin nukiliya na Trinity da Amurka ta yi a 1945 ya kai hayaƙinsa kusan kilomita 12, na Tsar Bomba da Tarayyar Sobiyat ta tayar a 1961 kuwa ya haura 60.

Sahara ma ta ga irinsa. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane a Aljeriya, ƙurar da karan ya zuƙa ta cuɗanya da guba, iska ta yi gaba da ita. Bayan gwaji na uku, a Janairun 1961, Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa.