Abin da Gyare Ya Ci Shi Ƙadangare Zai Ci

A ƙasashe irin su Amurka, Ingila da Jamus, ƙadangare dabbar kiwo ce da ake saye da kuɗi, a ajiye a akwatin gilashi cikin ɗaki. Cikin waɗanda suka fi farin jini akwai ƙadangare mai gemu ɗan asalin Ostireliya, da tsaka mai zanen damisa ta yankin Pakistan da Afganistan, da hawainiyar Yaman. Har damon da muka sani ana kwasarsa daga Gana, Togo da Benin zuwa waɗannan kasuwanni. Galibinsu ƙwari suke ci, kuma masu rai, shi ya sa mai kiwon ƙadangare ya zama tilas ya iya kiwon gyare, fara, kyankyaso ko tsutsa. A nan ne da yawa ke yin sake. Sai ka ga mutum ya kashe dukiya kan akwati da fitila, amma gyaren da zai ba dabbar ya kwana uku a leda bai ga ko ɓawon dankali ba.

Jikin ƙwaro yana da furotin da kitse, amma yana da ƙarancin sinadarin kalsiyam, wanda shi ke gina ƙashi, domin ƙwaro ba shi da ƙashi. A jikin gyaren da ake sayarwa, sinadarin fosforas ya ninka kalsiyam sau da dama, alhali ƙadangare na bukatar kalsiyam ya kai fosforas yawa, ko ma ya ninka shi biyu. Idan aka daɗe a haka, jikin dabbar zai riƙa zaro kalsiyam daga ƙashinta. Muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su karkace, yatsu su riƙa karkarwa, daga baya ta kasa ɗaga cikinta daga ƙasa. Likitocin dabbobi a can suna yawan ganin wannan cuta, kuma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba kasafai yake miƙewa ba.

Maganin shi ne a ɗauki ƙwaron tamkar mazubi: abin da ke cikin hanjinsa lokacin da aka haɗiye shi, shi ne rabon ƙadangare. A shekarar 1989 masana biyu a Amurka, Mary Allen da Olav Oftedal, sun nuna cewa idan aka ciyar da gyare abincin da kashi 8 cikin 100 nasa kalsiyam ne na tsawon awa 48, kalsiyam ɗin da yake ɗauke da shi yakan kamo fosforas. Ba tsokar gyaren ce ta sauya ba, cikinsa ne ya cika. Don haka da zarar ya yi kashi, amfanin ya fara zubewa, kuma bai kamata a cire shi daga abincin a bar shi ya yini kafin a miƙa wa ƙadangare ba.

Wannan abinci mai yawan kalsiyam ba na kullum ba ne. Gyaren da ya daɗe a kansa mutuwa yake yi. Saboda haka ciyarwar kashi biyu ce. Na yau da kullum, dusar alkama ko ta masara, niƙaƙƙen hatsi, ko abincin kaji wanda ba a zuba wa magani ba. Sai kuma kwana ɗaya ko biyu kafin a ba ƙadangare, a ware adadin da ake bukata a wani mazubi dabam, a ba su gari mai kalsiyam. Inda babu na kanti, ganyaye masu duhun kore irin su zogale, da kabewa, karas da dankalin Hausa suna taimakawa, musamman wajen sinadaran da jiki ke mayarwa bitamin A, ko da yake ba su kai garin ƙarfi ba. Duk da haka ana barbaɗa wa ƙwarin hodar kalsiyam dab da bayarwa, kuma ƙadangare mai yawon rana sai ya samu hasken rana ko fitila mai hasken UVB kafin jikinsa ya iya amfani da kalsiyam ɗin.

A ganina ruwa ya fi abinci kashe ƙwari a hannun masu kiwo. Gyare na iya nutsewa a ruwan da bai wuce cikin murfin kwalba ba, gawarsa kuma ta ɓata sauran. A jiƙa soso ko auduga a ɗora a faranti, ko a cika farantin da tsakuwa yadda ƙwaron zai sha yana tsaye, a kuma sauya kullum domin suna kashi a kai. Akwai wasu ƙwayoyi da ake sayarwa masu tsotse ruwa su kumbura, suna aiki, amma kada busasshiyarsu ta shiga akwatin ƙadangare. Wani abin lura: a kwanakin nan biyu na ƙarshe, idan aka ajiye lemo ko karas kusa da garin kalsiyam, gyare zai cika cikinsa da mai daɗin ya bar garin. A lokacin, ruwa zalla ya fi.

Tsutsar dusa kuwa ba a ajiye mata ruwa sam. Yankan karas ya ishe ta, a ɗauke shi kafin ya ruɓe, don danshi a cikin dusa yana jawo fumfuna da wasu mitsi-mitsin ƙwari farare da ke cinye kiwon. Hatsin da ya yi fumfuna a zubar da shi, yana iya ɗaukar guba. Mazubin gyare ko kyankyaso kuwa ya samu iska, a jera kiret ɗin ƙwai don maɓoya, a riƙa tsince matattu.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san ba a cin farar tumfafiya, domin gubar ganyen da take ci tana taruwa a jikinta. Haka abin yake ga ƙwarin kiwo. Ganyen tumatir da na dankalin Turawa, albasa, da duk kayan lambun da aka yi wa feshi ba a wanke ba, a nisanta su. Alayyahu ba guba ba ne, amma yana da sinadarin da ke riƙe kalsiyam, kada ya zama shi ne kullum. Abincin kare ko na kyanwa ma bai dace da kyankyaso ba, domin kyankyaso na adana rarar furotin a matsayin sinadarin yurik, wanda ake jin tsoron yana taɓa ƙoda da gaɓoɓin ƙadangare.

Ƙwarin da aka kamo a gona ko gindin fitila ba a san me suka ci ba. A Amurka an tabbatar cewa ƙwaron nan mai walƙiya da dare, guda ɗaya tak yana iya kashe ƙadangare mai gemu cikin ƴan awoyi. Mai kiwo, ƙwaron da ba kai ka ciyar da shi ba, kada ka jefa wa dabbarka.