Wawan Sarki da Wawan Littafi

'Yan'uwa, yawancinmu a kasuwa da coci muka koyi Hausa, shi ya sa kalmar "wawa" takan rikita mu.

Bahaushe yana da sunaye da yawa na masu ba mutane dariya. Akwai mai barkwanci, akwai ɗan kama da yake kwaikwayon malamai yana waƙar tuwo da miya, akwai kuma wawan sarki. Wannan na ƙarshe sunan ne kawai, amma wayo gare shi. Yakan faɗa wa sarki gaskiya cikin wasa, maganar da fadawa suke tsoron furtawa. Wautarsa sana'a ce.

Wawan da muke karantawa a Littafi Mai Tsarki daban ne. Mu duba 1 Sama'ila 25. Nabal, wanda ma'anar sunansa da Ibrananci wawa ce, attajiri ne mai tumaki 3,000 da awaki 1,000. Ba wanda ya taɓa yin dariya saboda shi. Mutanen Dawuda sun tsare makiyayansa a jeji, amma da suka roƙi abinci sai ya zage su. Matarsa Abigel ce ta hana a zubar da jini. Wautarsa taurin zuciya ce.

Wannan nauyin ne kalmar take ɗauke da shi a Matiyu 5:22, inda Yesu ya gargaɗi mai jifan ɗan'uwansa da ita cikin fushi. Yaron da yake sa gida dariya da dare bai shiga wannan layi ba.