Daga Ina Sanyin Hunturu Ya Ke Fitowa?

Kowa a Sakkwato ya san hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari, har wanda ke Kanwuri ya ga rana ta yi fari kamar wata. Mutanenmu kan ce iskar daga hamada ta ke, gaskiya ne kuwa. Amma hamada zango ce kawai. Asalin wani sashi na sanyin nan yana can nesa ƙwarai.

A ƙuryar arewacin duniya, watau can inda ƙanƙara ba ta ƙarewa, rana kan faɗi ta yi wata shida ba ta fito ba. Saboda haka iskar wurin kan yi sanyi matuƙa. To, da ya ke duniya juyawa ta ke yi, sai wata iska mai tsananin gudu ta riƙa kewaya wannan sanyi daga yamma zuwa gabas, can sama, tsakanin kimanin kilomita 15 da 50. Mu ɗauke ta kamar ganuwa ce. Muddin tana da ƙarfi, sanyi na tsare a ciki. Ƙuryar kudu ma tana da irin tata, wadda ta fi wannan ƙarfi.

Amma ganuwar kan tsage. A 1952 wani masani Bajamushe, Richard Scherhag, ya lura a Berlin cewa iskar can sama ta ɗumama farat ɗaya cikin 'yan kwanaki. In haka ta faru ganuwar kan raunana, wani lokaci ma ta rabe biyu, sanyi ya kwararo kudu. Abin da ya sami Ingila ke nan a ƙarshen Fabrairun 2018, da Jihar Texas ta Amurka a Fabrairun 2021, inda fiye da mutum 200 suka rasu.

Ina ruwanmu da wannan? Ko ganuwar ba ta tsage ba, iskar da ke ƙarƙashinta kan yi lanƙwasa, ta turo sanyi ya ƙetare Bahar Rum ya sauka Libiya. Iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta gangaro kudu, ta matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a ƙasar Cadi, ta fito a guje ta share kwarin Bodele, wanda dā ƙarƙashin babban Tafkin Cadi ya ke. Farar ƙurar da mata ke gogewa daga kwanuka, da yawanta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu shekaru dubbai.

Kafin ta iso Gulbin Rima hamada ta rage mata kaifi, ta bar mana bushewa. Ita ce ke fasa leɓe da diddige, ta kawo tari, ta hura wutar da aka kwana da ita a ɗaki har ta zama gobara. Ran da hazon ya yi kauri kuwa, jirgin sama ba ya iya sauka a filin Sarkin Musulmi Abubakar III.