Rufin Asirin Mai Ƙara Da Shari'a A Bainar Jama'a

A garuruwa irin su Batsari da Safana, inda kowa ya san gidan kowa, malamar firamare ko ma'aikaciyar asibiti da shugabanta ya danne wa ƙarin girma saboda ita mace ce takan zaɓi haƙuri. Tana tsoron kafin alƙali ya zauna sunanta ya zaga kasuwa, ko kuwa a rama da mayar da ita wani ƙauye na bakin Dajin Rugu. To, ya halatta a ɓoye sunanta?

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya wajabta yin shari'a a fili, amma ya yarje wa kotu ta fitar da 'yan kallo domin kare sirrin masu shari'a. Gyaran da aka yi masa a 2010 ya damƙa ƙararrakin wariya da cin zarafi a wurin aiki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A 2013 wannan kotu, a Legas, ta ba wata ma'aikaciya gaskiya a kan kamfanin Microsoft na Nijeriya. Ta sami haƙƙinta, amma sunanta ya shiga littattafan lauyoyi har abada. Mata nawa ne a ƙasar Ruma za su iya ɗaukar wannan?

Musulunci ya riga ya auna al'amarin. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta izinin bayyana zaluncin. Suratul Mujadala kuwa ta adana koken wata mata da hukuncinsa ba tare da ambaton sunanta ba. Sai dai malaman Malikiyya, kamar Ibnu Asim mai Tuhfatul Hukkam, sun shardanta i'izari kafin hukunci, wato a ba wanda ake ƙara damar sanin shaidu da sukar shaidarsu. Haka kuma wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta umarci alƙali ya daidaita masu husuma a majalisarsa. Saboda haka ƙarar da ba a san mai ita ba ƙofar ƙazafi ce, shi ma shugaban yana da mutuncin da shari'a ke karewa.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ɓoye mai ƙara ga 'yan kallo da jaridu, kada a ɓoye ta ga alƙali da wanda take ƙara. Hukunci da dalilansa kuwa a karanta su a fili, da sakaya suna, domin hukuncin ɓoye ba ya tsoratar da azzalumi na gaba, ba ya kuma bari a gane alƙalin da ya karkata.

Ya kamata lauyoyi su riƙa neman wannan kariya tun ranar shigar da ƙara, limamai kuma su hana jama'a yamaɗiɗi da sunan wanda ya kai kuka. Allah ya sa mu dace, amin.