Gwajin Ɗorewar Kulorin a Ruwan Sha: Misali Daga Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan yadda ake gwada ɗorewar sinadari a cikin ruwa, inda aka ɗauki kulorin a matsayin misali. Da farko ya kamata a bambance narkewa da ɗorewa. Gishiri yakan narke, amma yana nan a ruwan ko bayan shekara. Shi kuwa kulorin yakan narke, sa'an nan ƙarfinsa ya yi ta raguwa har ya ɓace. Tsawon lokacin da sinadari zai yi bai sake hali ba shi muke kira ɗorewa.

2.0 Abubuwan da ke Rage Ƙarfin Kulorin

Abubuwa uku ne kan gaba: zafi, da hasken rana, da dattin da ke cikin ruwa. Dukansu akwai su a Yola da Jimeta. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Da damina kuma Kogin Binuwai yakan kwaso laka da ruɓaɓɓen ganye, waɗanda kan cinye kulorin kafin ya gama aikinsa. Shi ya sa ake fara kwantar da laka da alif. Haka kuma, idan ma'aunin pH na ruwan ya wuce 8, kulorin yakan koma wata siga mai rauni wajen kashe ƙwayoyin cuta.

3.0 Yadda Ake Gwajin

Ana zuba ruwa iri ɗaya a kwalabe masu duhu, a sa kulorin daidai-wa-daida, a toshe. Bayan minti 30 a buɗe ta farko a auna, sauran kuma a riƙa aunawa bi da bi har awa 24 ko fiye. Wajen awon ana amfani da ƙwayar DPD, dabarar da masanin Ingila A. T. Palin ya fito da ita a 1957. Ƙwayar kan mai da ruwan ya zama ruwan hoda, kuma gwargwadon turuwar launin, gwargwadon kulorin da ya saura. Lokacin da rabinsa ya ɓace shi ne wa'adin rabi, wato ma'aunin ɗorewarsa. Za a iya maimaita gwajin a randa da jarkar 'yan garuwa da tankin da ke rana domin kwatantawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ragowar kulorin ta gaza miligiram 0.5 a lita bayan minti 30, ko 0.2 a inda ake ɗiba.

4.0 Kammalawa

A 2019 cutar kwalara ta ɓarke a Yola ta Arewa da Yola ta Kudu da Girei. Ruwan da ya baro matata da tsabta yana iya gurɓata a hanya ko a gida, kuma ragowar kulorin ita ce ke kāre shi. Saboda haka, wajibi ne mai wayar da kan jama'a da Hausa ko Fulatanci ya bambance waɗannan kalmomi biyu, domin magidanci ya san cewa ruwan da aka sa wa magani shekaranjiya ba lalle ne maganin yana nan yau ba.