Daga ina ruwan zaƙin tutun ɗorawa yake fitowa?

Duk wanda ya tashi a Kangire ko ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram ya san tutu, jan furen ɗorawa da ke reto da rani. Da yawanmu mun tsotse shi muna yara. To amma ka taɓa tambayar kanka yadda bishiya ke fitar da ruwa mai zaƙi a lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas?

Ba don mu take yi ba. Lada ce take biyan jemagu da dare, da ƙudan zuma da asuba, su kuma su kai ƙurar fure daga wannan bishiya zuwa waccan. In ba su zo ba, kalwa ta yi ƙaranci, mai daddawa ta ji a jikinta.

A jikin tutu akwai furannin da aikinsu tatsar wannan ruwa. Kowace ƙwayar halitta a cikinsu tana lulluɓe da tantani mai maiƙo, wanda sukari da gishiri ba sa iya ratsawa sai ta ƙofa. Ƙofofin nan furotin ne, kuma kowace da irin baƙon da take bari ya wuce.

Mu fara da famfo. Akwai furotin da ke ƙona makamashi yana tura ayon ɗin haidirojin waje. Ayon ƙwayar sinadari ce mai ɗauke da cajin lantarki, don haka fitarsa kan mayar da tantanin kamar ƙaramin batir, mai ƙarfin da ya kan haura milibolt 100. Wannan batir ne ke jan sukarin da ganye ya haɗa zuwa cikin jijiyoyin da ke kai shi fure, ƙofofin fotasiyam kuma suna buɗewa su hana batirin mutuwa ana tsakiyar lodi. Ƙofa ɗaya tana iya wuce da miliyoyin ayon cikin sakan guda, amma ta tare sodiyam, duk da ya fi fotasiyam ƙanƙanta. Gano yadda take wannan tantancewa ne ya ba Roderick MacKinnon kyautar Nobel a 2003, tare da Peter Agre da ya gano ƙofofin ruwa.

Shi sukari ƙofarsa daban. A 2014 masu bincike a Amurka suka nuna cewa furotin mai suna SWEET9 ne ke fitar da shi daga ƙwayoyin, kuma tsiron da aka lalata wa wannan furotin ya daina fitar da ruwan zaƙi. A taba da wasu ƙananan tsirrai aka yi gwajin. Da sukarin ya fito, sai wani sinadari ya raba kowace ƙwayarsa gida biyu, gulukos da furuktos. A ganina nan ne dabarar ta fi burgewa: ruwa yawan ƙwayoyi yake bi, ba girmansu ba, don haka rabawar ta ninka ƙarfin janyo shi. Barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ka dawo bayan minti goma, za ka ga irin abin a faranti. Fotasiyam da ke fita ta nasa ƙofofin shi ma yana ƙara jan ruwan, shi ya sa a gishirin da ke cikin ruwan fure yawanci shi ne kan gaba.

Sai dai in ya yi yawa akwai matsala. Tun a shekarun 1970 aka lura ƙudan zuma na gudun furen albasa mai fotasiyam da yawa, ko da sukarinsa ya wadata. Manomin fadama da ya bar albasarsa ta yi fure don samun iri, ya ga ƙudan zuma sun tsallake ta sun tafi wani furen, ba lalle ne maganin feshi kaɗai ya kore su ba.